Ɗamarar Jelani

Kulu ba ta da sauƙin kai, kuma ni maƙwabciyarta ban taɓa ganin laifinta ba. A Mabera take, tana ɗinka jakunkunan 'yan makaranta da wani tsohon keke mai ƙarar tsiya. Mijinta Mode mai yasar rijiya ne, har ranar da ɗamarar da ake zura shi da ita ta tsinke daidai mahaɗi. Tun daga nan da sanda yake tafiya.

Da autansu Jelani ya gaji sana'ar, sai Mustapha, ƙanin Mode, ya kawo masa sabuwar ɗamara daga wurin badukun da gidansu ya saba da shi tun kakanni. Kyau kam ba a magana, an cika mahaɗin da ɗinki layi kan layi, har da ado ja da kore. Kulu ta ɗaga ta a rana, ta ga haske yana ratsa hujin allura. Duk an rarake wurin. Irin ɗinkin da ya kayar da Mode ne sak.

Ta samo bel ɗin kujerar mota wajen makanikai, ta ɗinka mahaɗi iri-iri: miƙaƙƙe, da mai tafiyar maciji, da akwati mai gicciye a ciki. Ta ɗaura kowanne a reshen dogonyaro, ta rataya buhunan gero tana fizga. Miƙaƙƙen ya ɓare, na macijin ya saki baki, akwatin kuwa ko gezau. Da shi ta ɗinka tata ɗamarar, ta sa almakashi ta datse ta baduku.

Mustapha ya tarar da mu, ni da Kulu da Mode da Jelani, bakin wata rijiya da Jelani zai yashe a Dundaye, yana huci. "Kulu, mi kike nuhi? Gidanmu ba a taɓa shiga rijiya da ɗumkin mace ba!"

"Ɗumkin maza ga shi nan tsaye da sanda," in ji ta.

Ta ɗaura ɗamarar a ƙugunta, ta ce a zura ta. Kulu fa ta yi biyun Jelani a jiki. Wallahi na ji tsoro, har na rufe ido. Da na buɗe, Mode ya yar da sandarsa, yana cikin masu riƙon igiya.

Ta fito duk taɓo, tana haki, ta kwance ɗamarar ta miƙa wa ɗanta.

"Ta ɗauki uwarka. Shiga."