Itacen Ulu a Cikin Ganga: Ga Anti Nohea Kapule

Ranar Talata, tara ga Afrilun 1985, Allah Ya karɓi ranki, Anti Nohea, kuma tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na share tsakar gida sai in sake sharewa. In na leƙa ta kan shinge, idona sai ya faɗa kan gangar ƙarfen nan taki mai itace a ciki.

Kin san zaman da muke yi a Kaneohe, a wannan tsibiri namu: gida namu, ƙasar da yake kai ta masu fili. Mu muka kafa katako muka yi rufi, amma ranar da wa'adin haya ya cika, sai mu bar musu har ƙusa. Da doka ta ba gwamnati ikon karɓar filin ta sayar wa mazauna, aka ce sai gidaje da yawa sun nema tare. Ke kika ɗauki wannan kaya. Gida-gida kika bi da ƙunshin kifi a ganye. Mijina Masao, da ba ya son rigima, ya laɓe bayan tankin ruwa.

"Fito, Masao, ina ganin ƙafafunka," kika ce. "Ƙato da kai, ka ƙare ƙuruciyarka kana saran rake, yau tsohuwa kake tsoro?"

Ya fito, ya ci kifin, ya shiga sahu.

Ba kowa ne ya yaba miki ba. Danginki ma sun ce gwamnatin da ta taɓa ƙwace ƙasar kakanninku ba abar yarda ba ce. Maganar ta yi miki zafi, na gani, amma ba ki fasa ba.

Da aka haifi jikanki Keola, aka zo binne cibiyarsa a dasa itace a kai kamar yadda kuke yi, kika hana. Kika sa aka yanka ganga, kika cika ta da ƙasar ƙauyen mahaifiyarki, kika binne cibiyar a ciki, kika dasa ulu, itacen nan mai manyan 'ya'ya da ake ci kamar doya. "Cibiyar jikana ba za ta kwana a ƙasar haya ba," kika ce. "Ranar da filin ya zama nawa zan dasa shi a ƙasa." Itacen ya girma, har mun gasa 'ya'yansa mun ci.

Masu fili sun kai ƙara, bara kotu ta ba mu gaskiya, amma har yau ana ja-in-ja kan farashi, ga shi kin tafi ba ki ga ƙarshen ba. Ɗanki Makoa, mahaifin Keola, ya gaji. Ya ce zai janye, ya sayar da gidan, ya ƙetare teku da iyalinsa. Abin da ya hana ni sukuni ke nan.

Ranar Asabar ya kawo mota a kwashe gangar zuwa gidan kawunsa. Ƙarti suka kama, ko gezau. Masao ya kawar da duwatsun da ke gindinta, sai ga tsatsa ta cinye ƙasan gangar tuntuni, saiwa mai kaurin cinya ta nutse cikin ƙasa. Ke kika jera duwatsun nan da hannunki, Anti. Kin sani, kika yi gum.

Makoa ya sallami motar. Bai ce zai zauna ba, bai ce zai tafi ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya ba ki masaukin da babu mai cewa ki tashi. Ina miƙa ta'aziyyata ga iyalan Kapule duka, Allah Ya ba ku haƙuri. Kai kuma Makoa, ɗana, ba zan gaya maka abin da za ka yi ba. Amma itacen nan ba zai bi ka ba sai da zarto, kuma cibiyar ɗanka tana ƙarƙashinsa.