Hayaƙin Jirgin Ɗan'azumi

A wani lungu na unguwar Sharafiyya a Jidda, a hawa na biyu na wani tsohon gini da iskar teku ta cinye wa fenti, nan ɗakin Ɗan'azumi mai gyaran rediyo yake. Duk wanda ya san shi zai ce maka mutumin kirki ne. In ka tambayi mai faɗin haka yaushe rabonsa da hawa benen nan, sai ya fara sosa ƙeya. Yabo kam Ɗan'azumi yana shan sa a unguwa, baƙi ne dai ba ya samu.

Mutumin Ƙauran Namoda ne. Shi da matarsa Rabi'a suka zo aikin hajji a shekarar 1975. Aka gama, alhazai suka koma gida, su kuwa suka ce bari su ƙara kwana biyu, kuma kwana biyun nan ba su ƙare ba. A Jidda Rabi'a ta haifa masa ɗa guda tilo, aka raɗa masa Abdulghani, sunan mahaifin Ɗan'azumi. Ga ɗan fari, ga sunan uba, kunya biyu ke nan a kan yaro ɗaya. Ɗan'azumi bai taɓa kiran sunan nan da bakinsa ba, bai taɓa ɗaukar yaron a gaban mutane ba. In yana neman sa, sai dai ya ce, "Kai." A Ƙaura ko ƙaramin yaro ya san wannan ba ƙiyayya ba ce. Amma Abdulghani ba a Ƙaura ya tashi ba. Ya tashi cikin 'ya'yan Larabawa waɗanda iyayensu ke rungumar su a bakin titi suna ce musu habibi, shi kuwa nasa uban ko kallon kirki ba ya yi masa.

Aikin da Ɗan'azumi ya fara samu a gidan kallo ne. A shekarun nan akwai su a Jidda, ba manya ba: tsakar gida ce mai doguwar katanga, a jera bencina, a ɗaura farin ƙyalle. Da shara ya fara, har wani Bamisire mai kula da injin haskawa ya lura hannunsa na da kyau, ya ja shi jiki. Akwai wani fim na kaboyi da suka yi ta haskawa har zarensa ya fara tsinkewa. A cikinsa baƙin jirgin ƙasa yake hawa wata gadar katako yana tuttuɗo da hayaƙi, gadar ta karye da shi. Bamisiren ne ya tona masa asirin: jirgin da ke faɗawa ba na gaske ba ne, ɗan mitsitsi ne da bai wuce tsawon hannu ba, masu fim suka ƙera. Ɗan'azumi, wanda ya girma da kukan jirgin gaske a kunnensa, ya daɗe yana jin haushin yadda gwangwani ya ruɗe shi.

Wata rana Rabi'a ba lafiya, dole ya tafi aiki da yaron, lokacin bai fi shekara huɗu ba. A ɗakin injin babu kowa, babu idon da za a ji wa kunya. Tagar leƙen ta yi wa yaron nisa, sai ya ɗaga shi ya aza a kafaɗa. Da jirgin ya ɓullo, yaron ya damƙe kunnuwan ubansa yana ihu, yana kwaikwayon kukansa, su biyu suka yi ta dariya har hawaye. Ɗan'azumi ba ya tuna wata rana da ya sake riƙe ɗansa haka, don babu ita. Ba a jima ba aka rufe gidajen kallon gaba ɗaya.

Daga nan ya kama gyara: rediyo, kaset, bidiyo, duk abin da ke da waya a cikinsa. Ya ci abinci da sana'ar shekara da shekaru, har zamani ya zo da kayan da ba a gyarawa, in sun mutu sai bola. Sai kuma Rabi'a ta rasu. Ashe ita ce ke ɗaukar maganar uba ta kai wa ɗa, ta ɗauko ta ɗa ta kawo wa uba, ta ƙara mata gishiri a hanya. Da ta tafi, aka rasa mai kaiwa da kawowa.

Abdulghani ya zama direban wani gida a Abhur, can arewacin gari, can yake zaune da matarsa Madina da yaransu uku. Ba ya yanke zumunci, kar a yi masa ƙarya. Yakan zo. Sai dai ya zauna a bakin tabarma da makullin mota a hannu, ya sha shayi kofi ɗaya.

"Baba, kana bukatar wani abu?"

"Babu."

"Halas, shi ke nan, bari mu kama hanya kafin cunkoso."

Akwai abin da yake bukata, kuma ba mai tsada ba ne. So yake a zauna. A ci abinci a ɗakinsa, yara su hargitsa masa shimfiɗa, wani ya zubar da miya a yi masa faɗa, la'asar ta riske su a nan. Amma ta ina Bahaushen Ƙaura zai dubi ɗan farinsa ya ce, zauna, ina kewar ka? Harshensa ba zai ɗauka ba. In sun tafi sai ya wanke kofuna, ya kunna rediyo don dai a ji muryar mutum a ɗakin. Kaɗaicin nan yana cin sa ƙwarai, bai gaya wa kowa ba.

Wajen shekarar 2009 dabara ta faɗo masa. Tunda bakinsa ya kasa riƙe su, bari hannunsa ya gwada. Zai ƙera jirgin nan na fim, sak, kamar yadda masu fim suka ƙera nasu. Ba shi da hoto, ba shi da kaset ɗin fim ɗin, sai abin da ya rage a kansa, kuma ya rage da yawa. Gwangwanin madara ya zama tukunyar jirgi. Ƙafafun ya ciro daga tsofaffin kaset ɗin bidiyo. Ɗan injin da ke juya su ya cire daga cikin wata matacciyar bidiyo da mai ita bai dawo karɓa ba. Ya yi layin dogo da ƙarfen labule, ya zagaya shi a tsakiyar ɗaki, ya kafa 'yar gada da katakon akwatin tumatir. Ya shafa baƙin fenti, ya ja jan layi a gefe. Ran da jirgin ya fara zagayawa, ya zauna yana kallo, ransa bai kwanta ba. Jirgin ƙasa ba hayaƙi ai abin wasan yara ne, ana sayar da irinsa a kowane kanti.

Nan fa aka shiga wahala. Ya fara da tsumma da ya tsoma a baƙin mai. Hayaƙi kam ya fito, har ya fi wanda ake nema. Mastura mai tuwo, wadda ke ƙasan benen, ta hau da gudu da bokitin ruwa tana salati.

"Malam Ɗan'azumi, so kake ka ƙone mu? Ka san in 'yan kwana-kwana suka zo, masu tambayar iƙama, takardar zama, na biye da su!"

Ya ba ta haƙuri. Ya gwada maganin sauro na kunnawa, hayaƙin siriri kamar zare, ga yaji a ido. Ya roƙo irin ƙanƙarar nan mai tururi a wajen masu sayar da askirim, ya ga fari tas har ya fara murna, sai abin ya gangaro ƙasa yana rarrafe a kan tabarma maimakon ya tashi sama. Ya ɗora mai a kan wayar dutsen guga, wayar ta narkar da bututun jirgin, sai da ya sake wani.

A kasuwar Bab Makka ya samu mafita, wajen Yahya mai turare, wani haifaffen Jidda da Hausarsa ke tafiya da sanda.

"Ya ammi, kana so dukhan abyad, farin hayaƙi, mai yawa, ba ya sa tari? Jawul. Gawayi saghir, ɗan ƙarami, jawul a sama, halas."

Haka kuwa aka yi. Ya ɓoye ɗan finjalin gahawa a cikin tukunyar jirgin don kar zafi ya tashi fenti, ya sa ƙwayar gawayi a ciki, ya barbaɗa jawul. Hayaƙi ya tashi fari, mai kauri, amma a miƙe kamar na murhu. Jirgi kuwa ba haka yake numfashi ba. Sai ya samo robar nan da ake matsawa ta abin awon hawan jini, ya ɗaure ta a ƙarƙashi, ya kafa ɗan ƙarfe a jikin ƙafa guda, yadda duk juyi sai ya matsa ta. Jirgin ya tashi, bututun ya fara: fuf, fuf, fuf, dunƙule bayan dunƙule. Tsohon ya yi tafi shi kaɗai a ɗaki. Ya yi ta gwaji safe da yamma, har hancinsa ya daina jin ƙamshin. A wajensa wannan ba turare ba ne kuma, hayaƙin jirgi ne.

Ya kira waya. "Kai, ran Juma'a in an sauko ka kawo yaran nan. Akwai abin da zan nuna musu." Maganar abinci kuwa bai yi ta ba, kunya ta hana. Amma ya sa Mastura ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, ta soya kaji, aka hau da su tun kafin salla. Ya jera kulolin a bayan labule, don in an gama kallo ya fito da su kamar ba komai ba.

Suka zo. Aka gaisa, aka zuba shayi, Abdulghani a bakin tabarma da makullinsa. Ɗan'azumi ya yaye zanen da ya rufe jirgin, ya jona wuta. Yara suka yi caa a kai, suna kiran kakansu Sidi irin na 'yan Jidda.

"Mashallah ya Sidi! Kai ka yi?"

Jirgin ya hau gada ya sauko. Abdulghani ya tsura masa ido. A hankali ya ajiye makullin a ƙasa, ya matso, ya tsuguna.

"Baba, wannan... wallahi kamar na san shi."

Zuciyar tsohon ta buga. Ya ce a ransa, tsaya ka ga sauran. Ya kunna gawayi, ya saka a finjali, ya zuba jawul har ya fi na kullum. Fuf, fuf, fuf. Farin hayaƙi ya bi jirgin yana zagaya ɗaki, ƙamshi ya cika ko'ina.

Madina ta dubi mijinta. Shi ma ya dube ta.

A ƙasar nan, in mai gida ya kunna wa baƙi turaren wuta bayan an sha shayi, ya sallame su ke nan cikin mutunci. Ba a ƙara zama bayansa. Ɗan'azumi ya san wannan sarai, shekara talatin da wani abu yana gani ana yi. Sau nawa shi kansa ya miƙe a gidan mutane saboda haka. Amma tunda ya fara gwajin nan abin bai taɓa zo masa a rai ba, sai yanzu da ya ga Madina ta sunkuya ta tara mayafinta a kan bututun jirgin. Abdulghani ya jawo hayaƙin da tafin hannu zuwa gemunsa, ya ɗauki makulli.

"Allah ya ƙara girma, Baba. Abu ya yi kyau, wallahi. Yalla ya awlad, ku tashi yara, ku gaida Sidi."

Yaran suka fara ƙunƙuni, uwarsu ta harare su. Ɗaya bayan ɗaya suka sumbaci kansa, suka nemi takalma. Ɗan'azumi na tsaye kamar an dasa shi. Sai da ɗansa ya kai bakin ƙofa sannan ya iya buɗe baki.

"Kai."

Abdulghani ya juyo. "Na'am, Baba?"

Ɗan ya tsaya yana jira. Maganar na nan a bakin tsohon, 'yar gajeruwa, wadda ko baƙon da bai sani ba zai iya gaya wa. Ya dubi fuskar ɗan farinsa mai sunan ubansa, ya sunkuyar da kai.

"A yi tuƙi a hankali."

Benen gidan ba ya ɓoye magana. Yana tsaye a bayan ƙofa ya ji ƙaramar jikarsa tana cewa yunwa take ji, ya ji ubanta ya tsawatar mata, sannan ya rage murya yana yi wa Madina magana da Larabci. Cewa yake, kar yaran nan su sake ambatar abinci a gidan nan. Tsoho ba shi da abin da zai ajiye a gabanmu, shi ya sa ya rufa wa kansa asiri da turare, Allah ya ji ƙansa da rai. Nan gaba sai mun ci za mu zo, kuma ba za mu riƙa daɗewa muna takura masa ba. Muryarsa cike da tausayi yake faɗa, abin da ya fi yi wa Ɗan'azumi ciwo ke nan.

Ya ji tashin motar, ya ji ta fita daga lungu. Jirgin na ta zagayawa a bayansa yana huci, bai kashe shi ba. Ya ɗaga labule, ya taɓa kulolin, da zafinsu. Ya zauna a ƙasa, ya ciro malmala ɗaya ya sa a kwano, ya mayar da murfi.