Yadda Odorico Ya Kashe Aurensa da Bakinsa

Odorico maƙwabcina ne shekara hamsin, katanga ɗaya ta raba mu. Sana'arsa jigilar cuku a kan alfadari daga ƙauyenmu na kan dutse zuwa birnin Trento. A can ne bishof-bishof suka yi shekara goma sha takwas suna zama suna watsewa, suna neman amsar da za su ba mutanen Jamus da suka ɓalle daga bin Paparoma. Odorico bai taɓa wuce ƙofar madafarsu ba, amma in ya dawo sai ka rantse da shi aka yi zaman.

Matarsa Massenza ba ta da yawan magana. Aurensu irin na da ne. Ya kama hannunta a rumbun ciyawa, ya ce ya ɗauke ta, ta ce ta ɗauke shi, shi ke nan. Ba fada, wato limamin coci, ba shaida, sai wata saniya da ke tuƙa. Rabin ƙauyen haka muka yi. Suka haifi 'ya'ya shida.

Bayan an tashi taron, Fada Baldassare ya karanto mana sabuwar doka a coci. Mutanen Jamus sun daɗe suna yi mana gorin auren ɓoye, to an toshe wannan kafa: daga yanzu aure sai a gaban fada da shaidu biyu, bayan an yi shela Lahadi uku. Muryar Fada ba ta kai layin baya, don haka da aka fito sai aka kewaye Odorico.

"Ai a gabana aka yanke," in ji shi. "Duk auren da ba fada a ciki, banza ne."

Na ce, "Har na da?"

"Har na kakanka."

Ashe Massenza tana tsaye bayansa. Ta ce, "To, madalla. Ashe ni budurwa ce." Kafin ya iso gida ta kwashe tukunyarta da bargonta ta koma wurin ƙanwarta.

Ya ɗauka wasa ne. Kwana uku ina jin ƙaurin girkinsa ta kan katanga, a na huɗu ya bi ta.

"Uwar yara, tashi mu tafi gida."

"Bawan Allah, daga ina? In neman aure ka zo, je ka wanke warin cukun nan tukuna."

"Shekara talatin da huɗu fa, Massenza."

"Kai ka ce banza ne, kai da bishof-bishof ɗinka."

Nan fa hankalinsa ya tashi, don shi ma ya gaskata maganar da ya ƙirƙira. Ya yi wanka, ya aske gemu, ya sayo mata jan ƙyallen ɗaure gashi a Trento. Ta karɓa, ta ce za ta yi shawara. Daga nan ya wuce wurin Fada, ya ce a taimake shi kada ya mutu gwauro.

Fada ya yi dariya har da tari. "Ɗana, dokar ba ta waiwaye. Aurenka yana nan daram."

Daga baya Odorico ya ce mini a nan ne ya tuno fuskar Massenza lokacin da ta karɓi ƙyallen, rabon da ya ga irin wannan murmushin tun suna yara. Ya ce, "Fada, don Allah kada ka gaya mata."

"Ita ma abin da ta roƙe ni ke nan tun ranar Litinin."

Fada ya ce ba a ɗaura aure sau biyu, amma zai sa musu albarka a ƙofar coci. Aka yi shela Lahadi uku, ni ne shaida ɗaya. Jikoki suka cika gaba. Da Fada ya tambayi Massenza ko ta yarda da shi, ta daɗe tana duban angon daga sama har ƙasa.

"Zan gwada shi," in ji ta.

"Dokar ba ta san gwaji ba, 'yata."

"To, na yarda."

Sun ƙara shekara goma sha ɗaya tare, kuma ba su taɓa tayar da zancen a tsakaninsu ba. Kowannensu ya ba ni labarin a keɓe, ya ce in riƙe bakina. Na riƙe har aka binne su duka biyun.