Dutsen Baba na Cikin Kwali

A kan dutse aka haife ni, can saman unguwar Misfala a Makka, inda mota ba ta kaiwa. Matakalar da muke hawa zuwa gida Baba ne ya gina rabinta, shi da maƙwabta, kowa da abin da ya iya kawowa. Magini ne. Tun yana ƙarami iyayensa suka taso da shi daga ƙasar Hausa ta Sudan, bai san wani gari ba in ba Makka ba. Wata safiya muka tashi muka tarar an rubuta "izala" da jan fenti a bangonmu, wato rusau ya iso kanmu. Muka kwashe komatsanmu muka kama haya a unguwar Utaibiyya. Maƙwabta kowa ya kama gabansa, wasu Jidda, wasu aka tura su ƙasar da ba su taɓa gani ba. Daga baya dutsen ma aka farfasa shi.

Baba bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Da ma zagin ya yi, da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya zauna a bakin taga yana kallon bangon gidan wasu. Magana ta ɗauke, abinci sai an yi da gaske yake kai loma biyu. Likita ya ce tsufa ne, ya ba da ƙwayoyi. Ni kuwa na san kewa ce ke cinsa, ina ji ina gani ubana yana ƙarewa, ba yadda na iya.

A lokacin ina aikatau a wani gida a unguwar Shisha. 'Yar masu gidan ta dawo daga karatu a waje da wani wasa cikin kwali, ta rasa abokin yi, ta matsa sai na koya. Wasan a kan mutanen Inka ne, wata al'umma da ta yi mulki a kan tsaunukan Kudancin Amurka kafin Turawa su cinye ta. Ana shimfiɗa allo mai zanen tsauni, kowa na da 'yan ma'aikatansa na katako, tsawonsu bai fi gaɓar yatsa ba. In zagaye ya zo kanka sai ka ɗora ɗaya a gurbi: ya noma masara a gonakin da aka sassaƙa a jikin dutse, ko ya fasa dutse, ko ya gina matakala. Gurbin da wani ya riga ka ya rufe ke nan. Da kawunansu ake gane su: magini da hula mai faɗi, ɗan aike da gashin tsuntsu, wani da doguwar hula, wani da rawani zagaye. Da aurenta ya tashi ta bar mini shi, wai in ba yara. Waɗanne yara? Na kai gida na cusa shi bayan kujera.

Wata Juma'a bayan la'asar zaman banza ya ishe ni, na shimfiɗa allon kusa da ƙafar Baba ina wasa ni kaɗai. Can sai na ga yatsansa ya sauko kan zanen.

"Wannan daraj ɗin wa ya gina shi?" ya ce, yana nufin matakalar. "Ba wurin hutawa. Tsohuwa mai ɗauke da ruwa a ina za ta tsaya?"

Na kusa sakin kuka. Rabona da in ji ya haɗa magana mai tsawon haka tun muna kan dutse.

Haka muka fara. Na koya masa dokokin, ya ɗauki waɗanda suka yi masa ya watsar da sauran. Cin wasa bai dame shi ba, shi dai ya gina matakala har sama. Ni ina tara masara kamar mai tanadin fari, shi yana ta jera duwatsu. In na riga shi gurbi sai ya harare ni ya ce, "Ya binti, 'yata, kin tare min hanya. Halin uwarki sak." Umma ta amsa daga kicin, "Ina jin ka, Malam." Ya yi dariya har da tari.

Sannu a hankali ya raba wa ma'aikatan mutanensa. Mai rawani ya zama mai shayin gindin matakalarmu. Mai gashin tsuntsu ya zama dogon maƙwabcinmu da ke hawo mana da tukunyar gas a kafaɗa. Mai doguwar hula ladanmu ne. Yakan ɗauki ɗaya ya ce, "Kai, tashi ka hau, ka cika son jiki," ya ɗora shi a gurbi, ya ba ni labarin ranar da suka yi faɗa a kan buhun siminti. Yana labari yana cin abinci bai sani ba. Har wani magini ɗaya ya ɓace mana, na ɗaga tabarma na girgiza ban gan shi ba, muka ci gaba da sauran.

Umma ce hankalinta bai kwanta ba. A ƙolin tsaunin da ke kan allon akwai zanen ɗakin bautar rana, wannan na kife masa ƙaramin faranti, Baba ya ce masallacinmu ne na sama. Amma 'yan katakon sun tsaya mata a rai. Ƙafafun Baba sun soma kumbura, numfashinsa yana sarƙewa, ita kuma ta fi ni sanin abin da hakan ke nufi.

"Mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da mutum-mutumi," ta ce da ni a kicin, murya ƙasa-ƙasa. "Mutumin nan jiki ya yi nisa. So kike ranar ta zo gida cike da su?"

"Umma, katako ne fa."

"Shi gunkin da me ake yin sa?"

Na yi tsaki na fita. Ita kuwa ba ta haƙura ba. Ta sa aka tambayo mata wani malami cikin ɗaliban da suka zo karatu daga Kano, ya aiko cewa in an cire kai, mutum-mutumi ya daina zama surar da aka hana. Ba ta gaya mini ba.

Na dawo daga aiki wata rana da yamma na tarar da ita zaune da wuƙar nama a gefenta, fuskarta wasai, rabon da in gan ta haka an jima. Ma'aikatan suna jere a kan faranti, duk ba kawuna. Kawunan ta riga ta ba mai kwasar shara. Har ta bi wuyan kowanne ta goge da dutsen goge kaushi, don kada ya soke shi a yatsa.

"Kalas, shi ke nan," ta ce. "Yanzu ku yi ta wasanku har Mahadi ya bayyana."

Na buɗe baki zan yi mata faɗa, sai na ga yatsanta ɗaure da tsumma, jini ya ɓullo ta ciki. Na haɗiye maganata.

Na shimfiɗa allon kamar kullum. Baba ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya ajiye, ya ɗauki wani.

"Wanne ne mai shayi?"

Na zari wanda hannuna ya faɗa kai. "Ga shi, Baba."

"Ba shi ba ne."

Na ɗaura musu zare kala-kala, na ce ja shi ne ladan, shuɗi mai gas. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa mai son ruɗar yaro. Ya tattara su da tafin hannu, ya zuba cikin kwali, ya rufe da kansa.

"Su ma an yi musu izala," ya ce. "Ki kai su inda aka kai sauran."

Ya juya ya fuskanci taga. Na sake gwadawa washegari, na sake gwadawa, har na gaji da roƙo. Bai ƙara taɓa allon ba, bai ƙara kirana ya binti ba. Kafin mahajjata su sake cika gari Allah Ya yi masa rasuwa.

Har yau in Umma ta tuna sai ta ɗaga hannu ta gode wa Allah da ranar ta zo gida a tsarkake. Ban taɓa ce mata ta yi kuskure ba, don ni ma ban sani ba. Abin da na sani shi ne ta so shi, ni ma na so shi, muka haɗu muka rasa shi.

Bayan kwanakin zaman makoki na ɗauko kayansa zan wanke. A aljihun jallabiyar da ya cika a cikinta na ji wani abu mai tauri. Maginin nan ne da ya ɓace, da hularsa mai faɗi, kansa lafiya lau, duk ya yi santsi don shafa. Ban nuna wa Umma ba, ba kuma zan nuna mata ba. Na buɗe kwalin zan mayar da shi cikin 'yan'uwansa, na ga shi kaɗai ne mai kai a cikinsu, sai na kasa.