Wasiyyar da na yi a ƙarƙashin wani otel na Paris

Shekarun baya, lokacin ina karatun tarihi a Lyon, farfesana ya ɗora mini bincike a kan manyan otel-otel na Paris, waɗanda sarakuna da shugabanni suka riƙa sauka tun kafin a haifi kakana. Baƙin ba su dame ni ba. Ni masu wanki da masu girki da masu hura wuta nake nema, mutanen da suka ƙare rayuwarsu a ƙarƙashin benayen.

Da ƙyar wani otel ya yarda in duba tsofaffin takardunsa. Na shiga jirgin ƙasa zuwa Paris, na kwana a unguwar Belleville wurin abokina. Satin nan ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, kogin Seine ya cika har an rufe hanyoyin bakinsa.

Da hantsi wata dattijuwa mai kula da takardun ta sauka da ni hawa biyu cikin ƙasa. A hanya ta nuna mini wani layi da aka zana a bango, ya fi ni tsawo. Ta ce nan ruwa ya kai a babbar ambaliyar da aka yi sama da shekara ɗari. Ta buɗe mini ɗaki mai ƙofar katako, ta ce za ta dawo bayan cin abinci.

Na yi nisa da karatu sai na ji sanyi a ƙafata. Na duba, ruwa ne ke ɓulɓulowa daga wani rami a tsakar ɗakin. Na nufi ƙofa na murɗa, ta ƙi. Na buga, na yi kira da Faransanci, na koma Hausa. Shiru. Waya ba rezo ko ɗigo, kira ba ya fita.

Ruwan ya rufe takalmina, ya kama idon sawu. Fitila ta soma ƙyaftawa. Ba abin da nake gani a raina sai layin nan na bango. Na hau tebur, na karanta duk addu'ar da na sani har na rasa wadda na maimaita. Daga nan na ɗauko waya na yi wa mahaifiyata saƙon murya. Na ce, "Inna, ki yafe mini. Ina cikin wani rami ruwa na hawa. In ba mu sake ganawa ba, ki sa ni a addu'a." Na danna aikawa duk da na san ba zai tafi ba.

Wajen awa ɗaya ina tsugune kafin in ji motsi. Wani ma'aikaci ne ya zo duba injin jan ruwa da ya tsaya. Ya turo ƙofar da kafaɗa sau ɗaya ta buɗe. Ashe kumbura ta yi saboda laima, ba a kulle take ba. Ya dube ni bisa tebur, ya dubi ruwan da bai kai ƙaurinsa ba, ya ce, "Ça va, monsieur?" Wato, lafiya dai, malam?

Kunya ta sa na manta da saƙon. Ina fitowa titi rezo ya dawo, saƙon ya wuce gida Damagaram.

Sai da na isa Belleville na ga kiran yayana jere a waya. Ya sake kira na ɗaga, ya ce, "Kai ne? Yi magana in ji." Ya ce Inna ta saurara ta zube a tsakar gida, maƙwabta sun cika gidan. Da aka miƙa mata wayar ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kana numfashi?" Na ce ina yi. Ta ce, "To, ka bar shiga ramin mutane."

Na gama binciken, kuma na rubuta shi daban da yadda na yi niyya, don na ɗanɗani awa ɗaya a inda wasu suka yi shekaru. Amma ba ni na fi jin jiki ba. Har yau in na tura wa mahaifiyata saƙon murya ba ta buɗewa. Sai ta sa an kira ni ta ji ina amsawa tukuna.