Shirun da Yayana Ya Yi Mini na Shekara Huɗu

Shekara huɗu yayana ya yi a gidan da bai zaɓa ba, kuma ni na dangwala yatsa aka kai shi. Ban yafe wa ƙanenmu da ya miƙo mini takardar ba sai kwanan nan, ni kuwa har yau ban gama yafe wa kaina ba. Ranar da na gane abin da muka yi, ko hankalina zai gushe, ita ce za ta zama ta ƙarshen barina.

A unguwar Nakkasa, can Ƙasa Mai Tsarki, aka haife mu, mu uku. Yaya shi ne babba, kuma duk ƙuruciyarsa a Harami ya ƙarar da ita yana tura alhazai marasa ƙarfi a keken guragu, ɗawafi da sa'ayi. Shanyewar ɓarin jiki ta same shi daidai lokacin da rusau ya iso layinmu. Muka koma unguwar Jarwal, hawa na huɗu, bene ba lif. Matarsa ta riga ta rasu, bai haihu ba. Ƙanenmu ya ce akwai gidan kula da gajiyayyu, a ajiye shi wata biyu kafin mu sami ɗakin ƙasa. Ni ce babba bayan Yaya, ni aka ce in sa hannu. Ban iya karatu ba a lokacin, ko alif ban sani ba in ba ta allo ba. Na dangwala.

Duk Juma'a nakan je masa da tuwo da miyar kuka. In ce, "Yaya, ya jiki?" Ya ce, "Alhamdulillahi." In ce, "Suna kula da kai?" Ya ce, "Ƙwarai." Gidan tsaf yake, ba zan yi musu ƙarya ba. Wata biyu ta zama shekara, shekara ta haifi 'yan'uwanta, mu kuwa muka riƙe wannan alhamdulillahi muka kwanta a kanta.

Ina da shekara hamsin da wani abu na shiga makarantar yaƙi da jahilci ta mata. Wanda ya koyi karatu da furfura ya san ciwon: ba abin da yake wucewa. Ledar burodi, allon kanti, kwalin magani, duk sai na tsaya na haɗa baƙaƙen. To wata Juma'a bayan la'asar, ina riƙe da kwanon tuwo, na tsaya gaban wata takarda cikin gilashi da ke jikin bangon da ke kai wa ɗakinsa. Shekara huɗu ina wuce ta, ina zaton addu'a ce. Na ɗau kusan rubu'in awa ina motsa baki. Haƙƙoƙin mazauna gidan ne. A ciki aka ce mai hankalinsa ba a ajiye shi sai da yardarsa, kuma yana da haƙƙin zama cikin iyalinsa.

Ban ajiye kwanon ba na nufi ofishin mushrif, wato mai kula da sashen maza. Na ce, "Wannan da kuka rataye, ado ne ko doka?" Ya ce doka ce. Na ce, "To wa ya tambayi yayana?" Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ya Hajja, bai taɓa kawo ƙara ba, kullum godiya yake yi." Na ce, "Kai ba ka san Bahaushe ba. Ko wuta ce a gindinsa, godiya zai yi maka."

Muka shiga ɗakin Yaya tare. Ƙanenmu ma yana nan, ya zo gaisuwa. Mushrif ya sunkuya ya tambayi Yaya da Larabci ko yana jin daɗin zama. Yaya ya ce alhamdulillahi. Ƙanenmu ya dube ni ya ce, "Kin ji ko? Daga koyon karatu sai ki zama lauya." Na ce, "Rufe mini baki, na goya ka." Sai na durƙusa gaban keken, abin da ban taɓa yi ba, na kalli tsakiyar idon Yaya. Na ce, "Ba jiki na tambaye ka ba. In an buɗe ƙofar nan yau, za ka fita?"

Bakinsa a karkace yake, magana sai ya yi kokawa da ita. Can ya ce, "Tun daren farko."

Sai ya ci gaba, a hankali. Ya lissafo abokansa na Nakkasa da suka rasu bai sallace su ba, ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya ji labarinsa bayan wata uku. Ya ce ba gadon kwanciya yake nema ba, yana so la'asar ta yi masa a bakin titi cikin mutane, a yi masa tsiya ya rama. Ya zayyano hanyar Jarwal zuwa Harami, inda gangara take, inda keke ke maƙalewa, ƙofar da ta fi sauƙin shiga. Mutumin da muke magana a kansa kamar ba ya ɗakin, ashe komai nasa yana nan daram.

Na ce, "Yaya, akwai takarda a bango, ta ce kana da iko." Ya ce, "Na karanta ta satin da na zo." Na ce, "To me ya hana ka magana?" Ya ce, "Ke kika sa hannu. In na ce ba na so, na gaya wa duniya ƙanwata ta yar da ni."

Na ga Ka'aba tun ina goye, na ga Mina cike da mutane har ƙasa ba ta ganuwa, amma ban taɓa jin tsigar jikina ta tashi kamar a ɗakin nan ba. Shekara huɗu mutum ya haɗiye ransa don kada a ga laifina. Mushrif ya juya yana goge ido da gefen rawaninsa, ya ce in muna da wurin da keke zai shiga, shi zai cika takardun da kansa. Ƙanenmu ya zauna a ƙasa.

Yau Yaya yana wurina, kuma ya dame ni da ƙorafin gishiri, ina jin daɗin hakan. Abin da na koya shi ne, doka tana iya ba mutum haƙƙi, kunya ta ƙwace masa. Mu da muka san "lafiya lau" ɗinmu ba amsa ba ce, mu ne ya kamata mu sake tambaya, kuma mu tambayi mai abin, ba na kusa da shi ba.

A waccan Juma'ar, kafin in fito daga gidan gajiyayyun, na auna faɗin kekensa da zare na ƙulle. Washegari da hantsi na shiga lungunan Jarwal ina neman ɗakin ƙasa. Duk benen da na je, kafin mai gadi ya gama amsa sallama, na riga na miƙa zaren a bakin ƙofa.