Taliyar da Na Kakkarya

Bakina bai taɓa yin shiru a kan abincin wani ba. A gidan kula da tsofaffin da na yi aiki a Staten Island, can ƙasar waje, farkon shekarun casa'in, yawancin nas-nas ɗin 'yan Filifin ne, ni kuwa mai taimaka musu ce da wanka da gyaran gado. Da hutun rana ɗaki ɗaya muke zama, kowacce ta buɗe kwanonta, ni in buɗe baki. Mutanen nan shinkafa da safe, shinkafa da rana, ga wani busasshen kifi da warinsa ke riga shi shiga ɗaki. Da cokali suke yanka nama. Ranar da na ga wata ta fasa dafaffen ƙwan agwagwa da ɗan tsako kwance a ciki, ta barbaɗa gishiri ta zuƙe romon, sai da na rafka salati na bar ɗakin. Dariya kawai suka yi. Ko sau ɗaya ban tsaya na yi tunanin yadda daddawar miyata ke dukan hancinsu ba.

Ɗaya daga cikinsu ta zama ƙawata, 'yar gajeruwa mai saurin tafiya. Ba ta kai loma baki sai ta ce in zo mu ci, ko da biskit ɗaya ne a hannunta. Ni kuma kullum tambayata ɗaya ce: babu alade? Ba ta taɓa nuna ta gaji da tambayar ba.

Ta ɗauko mahaifiyarta daga ƙasarsu, suna zaune a unguwar Port Richmond. Wata rana a ɗakin ajiye zannuwan gado ta gaya mini cewa zuciyar tsohuwar ta gaji, likitoci sun ce 'yan watanni ne suka rage, kuma ba ta gaya mata ba. Tsohuwar za ta cika shekara tamanin. Burin ƙawata ɗaya ne, a yi mata walimar da za ta ci ta sha ta yi dariya, ba tare da ta zargi komai ba. Nan take na ce zan zo in taya ta girki, don ina ji da hannuna.

Ranar Asabar da hantsi na hau bas daga unguwarmu ta Park Hill zuwa gidansu. Ina shiga kicin ta nuna mini wata tukunya sabuwa fil, da kaji uku daga shagon wani mahauci Musulmi.

"Tukunyar nan ba ta taɓa ganin alade ba, 'yar'uwa," ta ce. "Yau za ki ci hankalinki kwance."

Ta bar mini kabeji da karas in yanka, ta shiga ɗaki gyara wa mahaifiyarta gashi. Kafin a ce me na gama. Sai idona ya faɗa kan ledoji uku na taliyarsu, rawaya, busasshiya, a nannaɗe kamar zare. Duk macen da ta tashi a Kano ta san abu na farko da ake yi wa taliya. Na zazzage su a roba, na sa hannu biyu na kakkarya su ƙanana, yadda za su zauna a cokali. Har ina jin haushin masu kamfanin da ba su sauƙaƙa wa mutane ba.

Da ta dawo ta leƙa robar, sai ta dafa bango.

"Me kika yi?" ta ce, da wata 'yar murya da ban san ta da ita ba.

"Aiki na rage miki."

Ta ce a wurinsu taliyar ranar haihuwa ba a karya ta, ba a yanka ta. Tsawonta shi ne fatan tsawon rai ga mai bikin.

Da a nan na yi shiru na ba da haƙuri, da yau ba ni da abin rubutawa. Amma dariya na yi, har da tafa hannu.

"Haba, ke da karatunki, nas guda! Taliya ce za ta ƙara wa mutum kwana? Ai rai a hannun Allah yake."

"Na sani," ta ce. "Ni na karanta takardar likitan. Na fi ki sani."

Ta kalli sabuwar tukunyar, ta kawar da kai. Ni ma na kalli tukunyar. Matar nan ba ta yarda da abin da ya hana ni cin alade ba, amma ta tsallake shagunan unguwarsu ta je neman yankan Musulmi, ba ta taɓa ce mini camfi ba ne. Nan take na daina dariyar.

Ashe hayaniyata ta kai ɗaki. Muna tsaye sai ga tsohuwar a bakin ƙofa, ta dogara da sanda, sanye da rigar bikinta mai ruwan hoda, rabin gashinta a gyare. Ƙawata ta yi wuf ta tare robar da jikinta, tana magana da sauri cikin yarensu. Daga baya wata 'yar'uwarsu ta fassara mini: cewa ta yi ledojin ne suka faɗo mata, yanzu za a sayo wasu. Laifina ta ɗora wa kanta, ina tsaye ina kallo.

Tsohuwar ta ture ta a hankali. Ta sa hannu a robar, ta tona, ta zaɓo wadda ta fi tsayi, ta gwada ta da ɗan yatsanta. Ba ta ma kai tsawon yatsan ba. Sai ta yi magana da Turanci, don ni ma in ji.

"Kada a sayo komai. Wannan ta ishe ni. Ke da likitanki kun ɗauka ban san jikina ba?"

Ta shafa kumatun 'yarta, ta ce a ɗora tukunya, baƙi na hanya.

Ƙawata ta juya wa ɗakin baya, ta buɗe famfo, kafaɗunta na rawa. Ni na dafa taliyar, don babu wani mai iya yi. Da baƙi suka cika falo aka kawo ta a babban faranti, na ga idanu suna sauka a kanta suna tashi. Tsohuwar da kanta ta cika mini faranti, tana cewa in ci, na yi aiki. Na ci. Ta yi daɗi, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Tsohuwar ta rasu kafin sanyin shekarar ya wuce. Na san ba taliya ba ce, ƙawata ma ta sani. Amma rana ɗaya tak take nema wadda ita da mahaifiyarta za su yi kamar ba su san komai ba, ni kuma na raba su da ita tun kafin azahar. Mun ƙara shekara huɗu muna aiki tare kafin ta koma wata jiha. Na ba ta haƙuri a kan taliyar ya fi sau goma, kullum ta ce ba komai, ai ban sani ba. Gaskiya ne, ban sani ba lokacin da nake karyawa. Lokacin da na yi dariya na sani, kuma wannan ban taɓa iya buɗe baki na ambata mata ba.